Burina kullum majinyaci ya dawo

Ni nas ce a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa a nan Jos, kuma a kan wannan aiki furfura ta same ni. A Gangare aka haife ni, a can na yi allo da firamare, aure ya kawo ni wajen Anguwar Rogo. Ba zan faɗi sunana ko na asibitin da nake aiki ba. Mutanen da zan ambata kuma na sauya wasu abubuwa a labarinsu yadda ko maƙwabcinsu ba zai gane su ba.

Duk shekara ana turo mana ɗaliban jinya su yi 'yan makonni tare da mu. Yawancinsu a ɗarare suke zuwa, suna raɓewa a bakin ƙofa. Wanda ya saki jiki a cikinsu yakan tambaye ni abin da ya fi kamata ya riƙe a wannan aiki, yana jiran in ce haƙuri ko haddace magunguna. Duka ana buƙatarsu. Amma abin da nake gaya musu shi ne, duk abin da za ka yi wa majinyaci yau, ka yi shi yadda zai yarda ya dawo wata mai zuwa. Ciwon nan ba zazzaɓin cizon sauro ba ne da za a sha magani kwana uku a manta. Wani na watanni ne, wani na shekaru, wani kuma tare za a tsufa da shi kamar hawan jini ko ciwon suga. Wanda ya daina zuwa ya kuɓuce mana, ko da farfesa ne ya duba shi a zuwan farko.

A gidanmu na fara sanin haka. Yayana, wanda nake bi wa, tela ne, yana da kekensa a wani shago kusa da Masallacin Juma'a. Yana da shekara 20 da 'yan kai ya fara canzawa. Barci ya ƙaurace masa. Ya ce da shi ake a rediyo. Ya daina cin abincin gida sai Inna ta ɗanɗana a gabansa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu ne daga abokan sana'a don ɗinkinsa ya fi nasu fita. An yi rubutu, an yi hayaƙi, daga baya aka kai shi gidan mari a wani gari, ya dawo da tabon ƙarfe a idon sawunsa biyu. Kawunmu direba ne ya dage sai an kai shi asibiti. Cikin 'yan makonni Yaya ya yi aski da kansa, ya koma jam'i, ya tambayi inda kekensa yake. Inna ta yi sadakar waina.

Sai dai maganin ya sanƙarar masa da wuya, yawu na zubo masa, hannunsa na rawa har ba ya iya zura zare a allura. Ga tela, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba wanda ya gaya mana hakan na iya faruwa, ba wanda ya gaya mana akwai maganinsa ko ana iya rage ƙwayar. Ranar da muka koma, muna zaune a layi, wani ma'aikaci ya leƙo ya ɗaga murya ya ce, "Ina masu mahaukacin nan?" Yaya ya ji. A hanya ya rantse ba zai sake taka wurin ba, kuma bai sake ba. Ciwon ya dawo fiye da da. Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 Yaya ya fita da hantsi yana surutansa, bayan sallar Juma'a gari ya rikice. A rikicin nan an rasa rayuka kusan 1,000 cikin mako guda. Mun neme shi a asibitoci da bariki da duk inda aka ce an ga gawarwaki. Har Inna ta rasu ba mu ji ɗuriyarsa ba.

Na yi imani ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma na kuma san cewa mutumin da ke shan maganinsa, yana cikin hayyacinsa, da ya ji gari ya ɗauki zafi gida zai nufa. Shi ya sa da na gama karatun jinya, ƙawayena na rububin ungozoma, ni na nemi ƙarin karatu a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Dangi ba su so ba. Wata gwaggona ta ce wa Baba mai zama da mahaukata shi ma wata rana sai ya taɓu, kuma ba mai auren ta.

A can na fara jin labarin Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Najeriya. A 1954, a Aro kusa da Abeokuta, ya sauke marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowanne da ɗan uwansa mai kula da shi, su zo asibiti da rana su koma cikin jama'a da yamma, kuma ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Na ji haushin yadda wannan hikima ta fito daga ƙasarmu, duniya ta ɗauka, mu kuma muka ci gaba da ɗaure mutane. Har zuwa Janairun 2023, lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, dokar mahaukata ta 1958 ce ke aiki, wadda tushenta ke komawa ga dokar Turawan mulkin mallaka ta 1916, kuma tsare mutum ne babban abin da ta damu da shi. Sabuwar tana maganar haƙƙin majinyaci, a nemi yardarsa, a rufa masa asiri, kada a wulaƙanta shi. Na yi murna da ita ƙwarai, ko da yake har yanzu mafi yawanta a takarda take. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, kuma kullum ana raguwa, wasu Ingila, wasu Saudiyya. Saboda haka nauyin ya fi faɗawa kan mu nas-nas, mu ne fuskar da majinyaci ke fara gani, mu ne kuma ta ƙarshe.

Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a wurinmu tun daga bakin ƙofa ake samun mutum ko a rasa shi. Akwai wani magidanci da aka kawo mana da sassafe a watan Disamba, lokacin da sanyin Jos ke ratsa ƙashi. A Keke Napep aka kawo shi, ƙannensa biyu sun danne shi, an ɗaure hannuwansa ta baya da igiyar shanya har sun kumbura, ba takalmi, ba hula. Ya yi kwanaki bai runtsa ba, ya rabar da kayan shagonsa kyauta, yana cewa shi aka ba sarautar garin. Kowa na magana a kansa, ba mai magana da shi. Na tsaya daga gefensa, ban tare masa hanya ba, na ce, "Alhaji, barka da zuwa. Ya sanyi?"

Ya dakata da ihun, ya dube ni, ya ce, "Lokacinsa ne."

Na ce, "Igiyar nan tana ji muku ciwo. Ina so in sa a kwance ta, ku kuma ku zauna mu yi magana. Kun yarda?"

Ya ce a fara ba shi hularsa. Ƙaninsa ya ciro ta daga aljihu ya sa masa. Aka kwance shi, aka kawo shayi da burodi, ya sha yana ta zuba, amma a zaune. Ba kullum ake dacewa haka ba. Akwai ranar da dole sai an riƙe mutum an yi masa allura don kada ya ji wa kansa ko wani rauni, kuma na sha mari a wannan aiki. Ko a irin wannan rana sai na gaya wa mutum abin da za a yi masa da dalili, kuma ba na barin kowa ya tsaya kallo. Alhajin nan, ciwonsa irin mai hawa da sauka ne, wani lokaci zumuɗi ya wuce kima, wani lokaci baƙin ciki ya kwantar da shi. Bayan watanni da ya samu sauƙi ya ce mini, "Sista, duk abin da aka yi ranar nan ina tune da shi. Na san wanda ya yi dariya, na san wanda ya ɗauke ni a waya, na san wanda ya gaishe ni." Mutane na zaton wanda ciwo ya bige ba ya sanin abin da ake yi masa. Yana sani, kuma da wannan yake yanke hukuncin dawowa ko ƙin dawowa. Shi yanzu da ƙafarsa yake zuwa karɓar magani, ya kuma sake buɗe shagonsa.

Sai sirri. Jos ƙaramin gari ne ga wanda aka haifa a cikinsa. Ina haɗuwa da marasa lafiyata a kasuwar Taminus, a ta Katako, a gidan biki, a gidan gaisuwa. Ba na fara gaishe su, sai in sun fara, domin gaisuwata kaɗai na iya sa a fara tambayar a ina suka san ni. Jarrabawa mafi girma kuwa binciken aure ne. An sha biyo ni har gida, mata masu mutunci, wasu ma 'yan uwa, a zauna a yi hira, can a ce, "Don Allah yarinyar gidan wane, an ce ana ganinta a wajenku. Mu dai gaskiya muke so, kin san aure ba wasa ba ne." Amsata ɗaya ce ga kowa, ko na san yarinyar ko ban taɓa ganinta ba: ba na maganar wanda ya zo ko bai zo wurin aikina ba. Wasu sun yi fushi da ni, akwai wadda har yau ba ta shiga gidana. Na san damuwarsu gaskiya ce, kuma a ɗaki ni kaina ina ba marasa lafiya shawara su sanar da wanda za su aura da bakinsu, in suna so a kawo shi mu yi masa bayani tare. Amma in na buɗe baki sau ɗaya, gobe ba uwar da za ta kawo 'yarta. Za a ɓoye ta a ƙuryar ɗaki har ciwon ya ci ƙarfinta.

Maganar magani ita ce na fi daɗewa a kanta da kowane iyali, saboda Yaya. Tsofaffin magunguna masu araha irin Largactil da Haldol suna aiki sosai, amma suna iya kawo sanƙarewar wuya, rawar hannu, zubar yawu da nauyin jiki. Ina faɗa tun ranar farko, in ce in an ga haka kada a daina, a dawo ko a kira ni, akwai gyara. Maganin da ke sassauta wannan sanƙarewa shi ne Artane, wanda samari suka sani da Exol suna sha don maye, don haka a ƙirge nake damƙa shi a hannun uwa ko mata. Sababbi irin olanzafin ba su cika sanƙarar da jiki ba, amma suna buɗe ciki, suna sa ƙiba, suna iya taɓa suga, ga tsada. Maganin ciwon damuwa kuma ba ya nuna aikinsa sai bayan mako 2 zuwa 4, alhali bushewar baki ko tashin zuciya tun kwanakin farko suke zuwa. Wanda ba a gaya wa ba, kwana biyar zai jefar ya ce bai karɓe shi ba. Ina tambayar sana'ar mutum kafin a rubuta masa komai, domin direba da mai gadin dare da mai shayarwa ba abu ɗaya ya dace da su ba. In azumi ya gabato mukan zauna da likita a mayar da shan zuwa buɗa baki da sahur ga wanda zai yiwu. Kuma ina tambayar abin da mutane ke jin nauyin faɗa: nawa za ku iya kashewa a wata ba tare da an taɓa kuɗin cefane ba? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin magani da na mota suka yi tashin gwauron zabi. Maganin da iyali za su iya saye duk wata ya fi mini wanda ya fi shi kyau amma sau ɗaya za a saya.

Ba na faɗa da malamai, haka ma fastoci. Kusan duk wanda ya zo mana ya riga ya biya ta wurinsu, kuma in ya fita zai koma. Ni ma musulma ce, ina tofa wa 'ya'yana addu'a. In na ce wa uwa babu aljanu a lamarin ɗanta, ta bar ruƙya, to ni za ta bari. Abin da nake cewa shi ne a ci gaba da addu'a, a haɗa da magani, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Sharuɗɗana uku ne kuma ba na sassautawa a kansu: ba mari, ba duka, ba hana shan magani. Duk wanda ya ga hotunan mutane kusan 300 da 'yan sanda suka fito da su daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, da sarƙa a ƙafafunsu, ya san dalilina. Akwai wani malami dattijo a unguwarmu da na je na durƙusa na yi masa bayani, na ce, "Allah gafarta Malam, in kun ga wanda ya kwana uku bai yi barci ba, ko mai jego da ta fara surutai tana ƙin jaririnta, ku taimaka ku turo mana, ku ci gaba da naku." Ya yi shiru, ya ce zai duba. Yanzu shi da kansa yake haɗo su da almajirinsa ya rako su. Masu jegon nan, da ake samun 1 ko 2 a cikin haihuwa 1,000, suna cikin waɗanda suka fi saurin warkewa in an kawo su da wuri.

Garinmu yana da nasa ciwon. Bayan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 unguwanni sun rabu, akwai inda musulmi ba ya shiga da daddare, akwai inda kirista ba ya bi. Duk lokacin da aka sa dokar hana fita, na san bayan 'yan makonni za a fara kawo mana waɗanda maganinsu ya yanke. A ɗakinmu kuwa gadon Bahaushe na kusa da na Birom da na Bafulatani, da Hausa kowa ke faɗin damuwarsa. Wata mata kirista mai sayar da dankalin Turawa tana Taminus ranar 20 ga Mayu 2014 da bama-bamai biyu suka tashi, aka rasa mutum sama da 100. Ko ƙwarzane ba ta samu ba. Amma ta yi shekaru tana yawon kemis da ciwon kai da faɗuwar gaba da wani abu da ta ce yana yawo a jikinta, ana ba ta maganin taifot da maleriya. Ta bar kasuwa. Ƙarar salansar babur na sa ta faɗi ƙasa. Da aka turo ta ta gan ni da hijabi, sai ta juyar da kai. Zaman farko da na biyu ba ta faɗi komai ba sai ciwon kai, ni ma ban matsa ba, na auna jininta, na tambayi 'ya'yanta. A wani zama daga baya ne ta ce, "Maƙwabciyata a kasuwa 'yar uwarki ce, musulma. Ita ta riƙe mini tire na je canji." Daga nan kuka ya ƙwace mata. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, har mijinta. Magani ya taimaka mata da barci, amma abin da ya mayar da ita kasuwa shi ne magana, zama bayan zama, sannan ta fara zuwa bakin kasuwar da 'yarta ta tsaya kaɗan ta koma, har ƙafarta ta saba.

Akwai tambayar da ɗalibai ke tsoron yi, ni kuma ina yin ta ga duk wanda na ga baƙin ciki ya yi masa nauyi: "Ka taɓa jin gara ma a ce ba ka raye? Ka taɓa tunanin yi wa kanka wani abu?" Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, bincike ya tabbatar da haka. Sau da yawa ajiyar zuciya nake ji, domin an daɗe ana ɗauke da abin ba wurin saukewa. Mutum na tsoron a ce imaninsa ya yi rauni, ga kundin laifuka na Arewa da sashensa na 231 ya sa yunƙurin kashe kai cikin laifukan da ake ɗauri a kansu. Ina cikin masu roƙon a cire wannan. Wanda ya kai wannan matsayi jinya yake buƙata, kuma tsoron 'yan sanda na sa iyalai su ɓoye shi.

Samari masu shaye-shaye su ne suka fi gwada zuciyata. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 sun yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda, kuma a shekarar ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Mu a nan ga wiwi, ga taramol, ga sholisho, ga barasar nan mai ƙarfi da ake kira goskolo. Yaro zai yi watanni ya bari, ya yi kyau, sai a rasa aiki ko a yi rigima a gida ya koma. In ya dawo kansa a sunkuye, ubansa na faɗin ya gaji ya sallama shi, abu na farko da nake cewa shi ne, "Na ji daɗi da ka zo." Faɗa ya sha shi a gida da unguwa har ya ƙoshi. In ya same shi a wurina ma, sauran wuri ɗaya da ake karɓarsa da fara'a shi ne wajen dila.

Ina da wani littafi da nake rubuta ranar dawowar kowa. Duk ranar Juma'a kafin in tashi nakan duba waɗanda ranarsu ta wuce ba su zo ba, in kira su da katin wayata, kuma ba na ambaton asibiti sai na tabbatar da wanda ya ɗauka. Amsar da na fi samu ita ce kuɗin mota. Filato na da ƙananan hukumomi 17, kuma mutumin Wase ko Kanam ko Shendam zai kashe a hanya fiye da kuɗin allurar da ake yi masa sau ɗaya a wata. Tun 1991 manufar gwamnati ta ce a sa kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙananan asibitocin matakin farko, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fito da shirin mhGAP a 2008 don koya wa ma'aikatan da ba ƙwararru ba yadda za su gane ciwon su fara magani. Na shiga cikin masu koyar da shi. Akwai wata ma'aikaciyar lafiya a wani ƙauye mai nisa da na koya wa, yanzu ita ke yi wa marasa lafiyarmu na yankin allurarsu ranar kasuwa, in wani abu ya shige mata duhu ta kira ni, in ya fi ƙarfina in haɗa ta da likita. Tun da ta fara, sunayen mutanen yankin sun ragu a cikin waɗanda nake nema ranar Juma'a. In Allah Ya kai ni ritaya da lafiya, irin su nake so in ci gaba da koyarwa, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, daga kudancin jihar zan fara.